Tauraro a Goshin Gidan Aga Nasir

Na san abin da 'ya'yan kawunku Usman suka gaya muku ranar sadakar bakwai ɗin babanku, domin Safiya ta shigo ɗakina ido jawur, ta ƙi cin abinci. Wai babanku ya taɓa zana alamar wani addini a ƙofar wani gida a unguwarmu ta Sharafiyya a Jidda, wai saura ƙiris a yi mana tasfir a watsa mu cikin jirgi, wai kuma ni na jawo. To, ba duka ne ƙarya ba. Amma wanda ya ba su labarin bai tsaya a titin nan ba ranar, ni kuwa na tsaya, da Sani goye a bayana. Tunda rubutu ne, ba mai katse ni, don haka ku karanta har ƙarshe kafin wani ya buɗe baki.

Ni a Jidda aka haife ni, kun sani, iyayena hajji ya kawo su suka zauna. Babanku kuwa da gemunsa ya iso daga Zazzau, magini ɗan magini, daga gidan da ake kiransu idan attajiri yana son a yi wa fuskar gidansa ado. Da ya zo ya samu aiki, domin a lokacin masu hali na cikin gari suna son a ƙawata musu saman ƙofa da juss, farin garin nan da ake kwaɓawa ya kama jikinsa nan da nan. Har mu'allim ake ce masa. Sai siminti ya shigo. Kowa ya koma son bango sumul, a shafe a fenta a wuce, babanku ya zama mai shafe kawai a ƙarƙashin kafilinsa, uban gidan da ke tsaye masa a wurin hukuma. Abinci bai yanke mana ba, alhamdu lillahi, amma mutumin nan ya rame a tsaye. Hannunsa ne ke jin yunwa. Ko malmalar tuwo na ajiye masa sai ya yi mata zane da yatsa kafin ya gutsura, in ce, "Malam, ci za ka yi ko gini?" ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Gidan da ke manne da namu wasu mutanen Farisa ne suka kama shi. Mijin, Aga Nasir, mai gyaran agogo ne, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron ya tashi jariri. Matar sunanta ya gagari bakinmu, sai muka mai da shi Barwin, ta kuma amsa. Suna da 'ya'ya mata biyu. Da ni da ita ta kan katangar soro muka saba, wajen shanya, Larabcinta gurgu ne, nawa kuwa na kasuwa, amma muka fahimci juna. Mace ce mai hannu. Ta kan zauna da ɗan siririn alkalami ta zana furanni da tsuntsaye a gefen takarda har ka ji kamar ka shinshina. Na kuma lura da wani abu ban ce komai ba. Lokaci-lokaci baƙi kan zo musu, ba su da yawa, kuma ba sa shigowa tare, sai ɗaya ya shiga a jima wani ya biyo. Daga nan sai in ji muryar Barwin ta cikin bango tana rera wani abu ƙasa-ƙasa, mai daɗi har tsikar jikina ta tashi, sai wani ya karɓa, sai yaran. In an gama sai hira, sai ƙarar kofunan shayi, washegari kuma ta aiko mini da ragowar alawa.

Asirin ya fito ne ta kan waina. Wata safiya na aika mata da zafinta, da na leƙa da hantsi na tarar da kwanon a rufe yadda na aika. Haka washegari. Na ce mata ramuwar azumi take yi? Ta ce a'a. Na ce to nafila ce, har da maigidan? Ta murza zoben hannunta, sannan ta jawo ni ciki ta rufe ƙofa.

"Ummu Sani," ta ce, "an hana mu yin ƙarya, gaskiyar kuma tsoronta nake ji. Wanne zan ba ki?"

Na ce, "Ba ni gaskiyar, ni ba ƙaramar yarinya ba ce."

Nan ta gaya mini su mabiya addinin Baha'i ne. Ban taɓa jin sunan ba sai ranar. Ta ce azuminsu ne ya kama, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, baƙin nan kuma 'yan'uwansu ne na addini, duk bayan kwana goma sha tara suke haɗuwa su yi addu'a, su shawarta lamuransu, su ci abinci tare. Ta ce idan maganar ta kai kunnen hukuma, ƙaramin abin da za a yi musu shi ne a kore su daga ƙasar da kayan jikinsu. Ba zan ɓoye muku ba, gabana ya faɗi, na yi ta salati a zuci. Amma na dubi matar nan da ta kwana biyu a kaina lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da Sani, na rasa ta inda zan fara ƙinta. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, ko da babanku ne. Na ɗaga hannu na rantse mata da Allah.

Bayan wannan da 'yan watanni Aga Nasir ya yi sallama da babanku a ƙofar gida, da takarda a hannunsa. Ya ce ya ji labarin aikinsa na da, yana so a yi wa bangon ɗakinsu na ciki ado, ɗakin da suke zama da baƙi. Barwin ce ta yi zanen, tauraro mai tsini tara, furanni sun kewaye shi. Wayyo, ku ga babanku ranar! Ya shigo yana ta juya takardar, ya ce shi bai taɓa ganin tauraro mai tara ba, na shida da na takwas ya sani, wannan sai an yi lissafi da igiya. Ni na san ba ado ne kawai ba a wurinsu, amma na ce a raina ai cikin ɗaki ne, wa zai gani? Ya yi aikin nan da ransa gaba ɗaya, kullum in ya taso daga wurin kafili. Aga Nasir kan zauna a ƙasa yana kallonsa, ya zuba masa shayi da hannunsa. Ran da aka gama, babanku ya dawo ya zauna bakin gado yana kallon hannuwansa, har na tambaye shi ko lafiya.

"Rakiya, kin san abin da mutumin nan ya ce mini? Wai a wurinsu, aikin hannu in an yi shi da zuciya ɗaya don a amfani mutane, ibada ne. Ya kama hannuna biyu ya ce yau ya ga mai ibada. Ni da nake zaton sai dai in tuba da shekarun da na ɓata ina wasa da laka."

Na ce, "To ai sai ka ci tuwonka yau ba zane."

Zafi ya shigo, irin na Jidda da ke sa mutum ya ji kamar a tukunya yake. Aga Nasir ya kwashi iyalinsa suka tafi Ɗa'if shan iska, ya bar mana mabuɗi. Ni ma a cikin kwanakin ƙanwata ta haihu a Makka, na tafi zaman jego na bar babanku shi kaɗai. Kuskuren da na yi ke nan, na bar magini da bango fari da kuma zuciya cike da godiya. A garinsu, in maigida ya mutunta magini, to magini ba ya tafiya sai ya yi masa gyara, kuma gyarar a waje ake yin ta, a goshin gida, inda duk mai wucewa zai gani ya san akwai mutumin kirki a ciki. A ganin babanku, gida mai ado a ciki da fuska fayau abin kunya ne ga wanda ya yi aikin. Ya ga maigidan yana son tauraron nan, sai ya ce bari ya ba shi mamaki.

Ranar wata Alhamis da hantsi mota ta sauke ni a bakin layi. Tun daga nesa na ga mutane sun yi cirko-cirko suna kallon sama. Na ɗaga kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ga shi nan a saman ƙofar Aga Nasir, faɗinsa ya fi faifai uku, fari tas a kan shuɗi, tsini tara cif, rana na dukansa yana walƙiya. Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau da ya tsorata ni haka ba. A ƙetaren titi kuwa Hamdan mai kanti yana tsaye yana nuna shi da yatsa yana ƙirgawa. Hamdan ba mugu ba ne can, amma mutum ne mai sa ido, kuma ya yi fatauci a Basra. Ina wucewa na ji yana ce wa na kusa da shi ya san wannan alamar, ya san masu ita, ya kuma riga ya kai wa umda, mai unguwarmu, magana, gobe bayan la'asar zai zo ya gani da idonsa.

Na tarar da babanku a tsakar gida yana wanke kwanon kwaɓi, fuskarsa kamar ango.

"Malam, wa ya sa ka?"

"Wa zai sa ni? Gyara ce. Ke ma in kin auna wa mutum gyaɗa ba kya ƙara masa? Kin gani ko? Faɗi gaskiya, kin taɓa ganin irinsa?"

Rantsuwata na wuyana, mutanen nan kuma suna can Ɗa'if ba su san an rataye asirinsu a titi ba. Na ce a raina, ya Allah, zan yi kaffara, amma yau sai na karya. Na sauke Sani, na durƙusa gabansa na gaya masa komai. Na ga farin cikin nan yana zubewa daga fuskarsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin ya kawo maka takardar."

"Kika bar ni na shiga na fita, ina zuba kamar wawa?"

"Rantsuwa na yi, Malam."

Ya miƙe ya shiga ɗaki. Na ɗauka fushi ne da su, na ce shi ke nan, zai ce ba ruwansa, su ji da kansu. Sai ga shi ya fito da guduma. Ya ce addininsu tsakaninsu da Allah ne, shi bai sani ba, ba kuma a tambaye shi ba. Abin da ya sani shi ne mutum ya ba shi amanar ɗakinsa, shi kuma ya ɗauko ta ya kai titi, don haka yanzun nan zai farfashe abin. Na sha gabansa na riƙe ƙotar gudumar da hannu biyu. Ban taɓa yi masa haka ba tun da aka ɗaura mana aure.

"Ka fasa shi yau, gobe umda ya zo ya tarar da rami a bango, Hamdan ya ce, kun gani, me ya sa suka fasa in ba su san abin da ke ciki ba? Ka gama da su ke nan, ka gama da mu."

"To in bar shi?"

"Ka ce ba ka gama ba."

"Ƙarya kike so in yi a gaban mutane da furfurata?"

"Hau ka ci gaba da aikin, sai ta zama gaskiya."

Ya saki gudumar. Ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon aikinsa, hannu a baya, ni ina leƙensa ta labule. Da ya dawo ya ce abu ɗaya ne zai cece mu. Masu adon Jidda sassaƙa suke yi, su shafa juss su yanke shi da wuƙa, in sun yanke an gama, ba a komawa, kuma abin da Hamdan da umda suka sani ke nan. Su kuwa maginan garinsu ɗorawa suke yi, su murza su liƙa da yatsa, abu a kan abu, sai ran da magini ya ce ya isa. Zai iya cika tsakanin tsinin nan ya haɗiye tauraron ba tare da ya kankare ko ƙwaya ba. Amma aikin mako ne ga mutum ɗaya. Juss ba ya jiran kowa, in ka kwaɓa da yawa ya daskare a kwano, dole wani na tankaɗe, wani na kwaɓi kaɗan-kaɗan, wani na miƙawa, ga ruwa da za a ci kamar me. Ba kuma zai iya neman yaran kafilinsa ba. Na ce ya bar mini wannan.

Na yafa mayafi na nufi gidan Inna Gambo, tsohuwar da ba a suna ba a biki a cikin Takari, wato mutanenmu 'yan Afirka, na unguwarmu sai da ita. Na ce mata Malam na da aikin gayya gobe, na gaggawa, kuma ba ko sisi. Ta dube ni sama da ƙasa tana tauna goronta.

"Rakiya, idonki ya gaya mini akwai magana. Kada bakinki ya gaya mini. Na 'yar Farisan nan ce da ta ɗinke mini goshin jikana?"

Na sunkuyar da kai.

"Yalla, tashi. Rariya nawa kike so?"

'Ya'yana, da ma kun ga Juma'ar nan! Ana sallame asuba mata suka fara shigowa gidanmu, kowa da rariyarta, wasu da turmi. Tsakar gida ta yi fari fat, mu duka muka koma kamar an tono mu daga buhun gari. Masu tankaɗe na yi, masu dakan bula da jar ƙasa na yi, Inna Gambo ta ɗauko waƙar da ake yi wajen daɓe, muka karɓa, taɓare na ba da amo har titi. 'Yan ga-ruwanmu suka yi ta sauke garwa a ƙofa, ba wanda ya tsaya a sallame shi. Maza suka jeru daga zaurenmu har gindin katakon da babanku ya hau, kwano na tafiya hannu zuwa hannu. Mafi yawansu ba su san dalili ba, an dai ce musu mu'allim na neman hannu, suka zo. Hamdan ya fito daga kantinsa a fusace.

"Ya mu'allim! Me kake ɓoyewa?"

Babanku ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Jiya ƙashi ka gani, ya Hamdan. Yau nama nake sa masa."

Mutane suka kwashe da dariya, amma ni da nake leƙe na san abin da ke cin sa. A duk rayuwarsa bai yi aikin da ya kai tauraron nan ba, shi da kansa ya faɗa mini daga baya, ga shi da hannunsa yake binne shi tun bai kwana uku a duniya ba. Duk tsinin da zai rufe sai na ga ya ɗan shafa shi da tafin hannu tukuna. Fuskarsa sharkaf, ban san ina gumi ya tsaya ina hawaye ya fara ba. Juss ya cinye masa fatar yatsu har jini na ɓata farin, ya sa aka ɗaure masa da tsumma ya ci gaba. Ya sauko ya tafi masallaci tare da jama'a, ya dawo ya sake hawa cikin ranar nan mai narka kai, ko ruwa sai an tilasta masa.

Da aka yi la'asar umda ya iso, dattijo mai sanda, Hamdan na gabansa yana sauri. Na riga na sa an shimfiɗa darduma a inuwa, ga shayi, ga tsire mai zafi da mutanenmu suka kawo. Umda ya zauna, ya ɗaga kai. Ni ma sai a lokacin na kalli abin gaba ɗayansa. Wata ƙatuwar fure ce ta buɗe a saman ƙofar, ganye a kan ganye ba ka iya ƙirgawa, a tsakiyarta dagi irin na garinsu ya sarƙe ba farko ba ƙarshe, ja da fari da shuɗi. Dama da hagu kuma ya ɗora agogo biyu har da hannuwansu, yadda maginan Hausa kan sa wa mutum alamar sana'arsa.

"Ina tauraron?" in ji umda.

"Wallahi jiya yana nan, tsini tara, da idona na ƙirga!" in ji Hamdan. "Sun rufe shi ne!"

Umda ya juya wajen babanku ya tambaye shi wa ya sa shi wannan aiki. Babanku ya ce ba wanda ya sa shi, masu gidan suna Ɗa'if, ba su ma san an taɓa bangonsu ba, al'adar garinsu ce magini ya yi wa maƙwabcin kirki kyauta. Duk gaskiya ne. Umda ya gyaɗa kai, ya kurɓi shayi, sannan ya jefo wadda nake tsoro.

"Hamdan ya ce abin da ke nan jiya yana da ma'ana. Ka san ma'anarsa?"

Na san babanku. Ba zai yi ƙarya ba ko da wuƙa a wuyansa, ba kuma zai tona su ba, tsayawa zai yi shiru, shirun kuma shi ne amsa. Ban san lokacin da na ja mayafi na fito bakin zaure ba, fari fat da gari, ina magana da Larabcina na kasuwa da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ya umda, ni zan gaya maka ma'anarsa. Ma'anarsa mutanen gidan nan sun zauna da mu ba su taɓa cutar ko kazarmu ba. Matar ta yi jinyar ɗana, mijin ya mutunta mijina. Ba su roƙi ado ba, mu muka yi. In akwai laifi a bangon nan namu ne, hannunmu ne a ciki tun daga tankaɗe har shafe. Ga mu nan, ka fara da ni."

Sai na ji motsi a bayana. Inna Gambo ce ta fito da rariyarta a hannu ta tsaya kusa da ni, sauran mata suka biyo ta, mazan da ke riƙe da kwanuka suka matso. A cikinsu akwai waɗanda iƙamarsu, takardar izinin zama, ta mutu, akwai waɗanda ba su taɓa mallakarta ba, mutanen da ko inuwar ɗan sanda suka gani sai sun canza hanya. Ba wanda ya ja da baya. Umda ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ga wanda ke kai masa ruwa, ga wadda ta yi wa matarsa wankan jego. Ya sake ɗaga kai ya daɗe yana kallon bangon. Har gobe ina da yaƙinin dattijon nan ya gane komai. Ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ni fure na gani da agogo. Magana ta ƙare, ya Hamdan, koma kantinka." Ya taka biyu ya tsaya. "Ya mu'allim, in hannunka ya warke ka zo ka duba mini tawa ƙofar, ta yi tsirara da yawa."

Inna Gambo ta rangaɗa guɗa, muka ɗauka gaba ɗaya, a tsakiyar titin Sharafiyya da rana tsaka, ba kunya ba tsoro. Babanku ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hannuwansa masu tsumma. Ni kuwa dariya nake ina kuka, Sani na bayana yana tsala ihu don guɗar ta firgita shi.

Abin bai tafi a banza ba. Babanku ya yi kwanaki ba ya yi mini magana sai ta dole, don ɓoyon da na yi masa. Na yi azumin kaffarata. Kawunku Usman ya ji surutun Hamdan, ya zo ya tsare ni wai in rantse masa ban san komai game da mutanen nan ba. Na ce ba zan rantse ba, ba kuma zan faɗa ba. Daga ranar bai ƙara cin abincin gidana ba har ya koma ga Allah, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wannan ciwon yana nan a ƙirjina. Amma ku ji da kyau, mu ba mu bar addininmu ba ko na ƙiftawar ido, su ma ba su taɓa cewa mu bari ba. Babanku ya mutu da carbinsa a hannu. Bayan ya ƙawata wa umda ƙofarsa kuwa aiki ya yi ta zuwa masa, ya koma mu'allim ɗinsa har ƙarfinsa ya ƙare.

Da zafi ya sauka suka dawo daga Ɗa'if. Ina tsaye a zaure motar ta tsaya, yaran suka diro suna tsalle suna nuna agogunan. Na ja Barwin gefe na gaya mata a gurguje, har da rantsuwar da na karya. Ta jingina da bango, sannan ta rungume ni ta ƙanƙame har na ji ƙasusuwanta. Ta je ta raɗa wa mijinta. Aga Nasir ya ajiye akwatin hannunsa a tsakiyar titi, ya zo gaban babanku.

"Ya mu'allim, ka lalata aikinka saboda mu."

Babanku ya dubi hagu da dama, ya matso kusa da kunnensa, amma na ji.

"Ban lalata ba, ya Aga. Ban kankare ko ƙwaya ba. Yana nan a ƙasa, tsininsa tara cif. Ku shiga gidanku."

Suka shiga. A ƙarƙashin ƙofar nan suka aurar da 'ya'yansu biyu, a gidan nan gashin Barwin ya yi fari, baƙinsu suka ci gaba da zuwa ɗaya bayan ɗaya suna wucewa ta ƙarƙashinta, kuma har suka bar Jidda don kansu, da tsufa, ba wanda ya ƙara ƙwanƙwasa musu ita da sharri.